Firjin Mota da Allurar Hajiya

Tun da muka dawo daga Kanada ban huta da tambaya ba. Ana idar da sallar Juma'a sai wani ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Habu, yaya hanya? Yaya motar nan taka mai ɗaki?" Isuhu kuma ya riga ni zaga gari da nasa labarin, wanda a cikinsa shi ne ya ceci kowa. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi abin tun daga farko, yadda ya faru.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni da matata Rakiya muna zaune a Glenwood, a nan Greensboro. Ina aiki a wani sito, ina tuƙa motar ɗaga kaya mai aiki da batir. Surukata, Hajiya, ta zo daga Kano bara ta zauna tare da mu. Bana sai babban ɗanta, Yaya Mustafa, da ke kusa da Toronto, ya nema mata biza ta je ta yi 'yan watanni a wurinsa, domin matarsa ta kusa haihuwa. Hajiya tana da ciwon suga, tana yin allura safe da yamma. Likitanta ya haɗa mata maganin da zai ishe ta duk zaman da za ta yi a can, ma'aikaciyar asibitin kuma ta ja wa Rakiya kunne da abu biyu: kada maganin ya sha zafi, kada kuma ya daskare.

Ni ne na kawo shawarar mu tafi a mota. Da bazara na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani dattijo Bature a Summerfield. Tana da gado, da murhu, da famfon ruwa, da ɗan firji. Ranar da na je ɗauka, dattijon ya tsayar da ni a bakin garken dawakinsa ya yi mini bayani. Ya ce batir biyu ne a motar. Na gaba shi ke tayar da inji. Na baya, wanda ke ƙarƙashin doguwar kujerar baya, shi ke ba fitilun ɗaki da famfo wuta. Kusa da shi akwai wasu 'yan baƙaƙen akwatuna biyu, kowanne bai fi kwalin ashana ba, ana ce musu rile. Makunnai ne masu kunna kansu. Da inji ya tashi ya fara caji, ɗaya zai buɗe wa firji wuta, ɗayan ya buɗe wa batirin baya caji. Da inji ya mutu sai su rufe, don kada firjin ya shanye batirin gaba. Ya ce firjin yana aiki da wutar gida ma, da kuma gas, amma tukunyar gas ɗin tana yoyo, ya cire ta. Na yi ta gyaɗa kai. Hankalina yana kan gadon nan da ake ɗagawa sama.

Jajibirin tafiya na jawo waya ta taga na haɗa wa firjin wutar gida. Da asuba ruwan da ke ciki har haƙori yake riƙewa. Rakiya ta jera kwalayen maganin a ciki, Hajiya ta sa aka cusa kwalbar man shanu a gefe. Sauran kayanta muka lafta a baya, bisa murfin inji, domin injin motar nan a baya yake: jakunkuna, garin tuwo, kuka, daddawa, tabarma, ɗan turmi, da kilishin da wata mutuniyar Maraɗi ta yi mata a nan garin. Yara muka bar su wurin Anti maƙwabciyarmu. Isuhu, abokina ɗan Damagaram da ke tuƙin tasi, ya zo don mu riƙa karɓar juna a sitiyari.

Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Shekara guda muna gida ɗaya da Hajiya, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In tana da magana da ni, Rakiya take gaya wa, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Ta shiga mota ta zauna a kan doguwar kujerar nan ta baya, ta miƙe ƙafa a kan jaka, ta fito da carbi.

Watan Yuli ne, zafi tun da hantsi, motar kuma ba ta da na'urar sanyi. Mun wuce cikin Virginia muna hawa duwatsu a hankali, manyan motoci suna wuce mu suna hon. A wani wurin hutawa muka tsaya. Ina dawowa daga alwala Rakiya ta kira ni.

"Abban Walida, zo ka taɓa nan."

Na sa hannu a cikin firjin. Ba zafi, amma sanyin asuba ya tafi. Man shanun Hajiya ya fara kwanciya a kwalba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ni ina zan sani? Ba kai ka ce yana aiki da wutar mota ba?"

Na ce haka mai motar ya gaya mini. Ta dube ni, ta tafi ta sayo ƙanƙara. Muka zazzage lemo daga kula, ta naɗe kwalayen maganin da tawul da leda don kada su taɓa ƙanƙarar, ta rufe. Wannan dabara ce ta ɗan lokaci. A zafin nan ƙanƙara ba ta daɗewa take zama ruwa, in kuma ka cika ta da yawa ga tsoron daskarewa. Daga nan har yamma Rakiya tana rungume da kular nan, kowane ɗan lokaci ta buɗe ta taɓa.

Sai maganar rile. Suna ƙarƙashin Hajiya. Na ja Rakiya gefe na ce ta roƙa mini ita ta ɗan tashi. Hajiya ta tattara mayafi da carbi da jaka, ta sauko, ta zauna a kan wani benci a inuwa. Na ɗaga kujera. Ga batir, ga akwatunan biyu, ga wayoyi kala-kala kamar taliya. Na zaro fis na duba a hasken rana, lafiyarsa ƙalau.

Isuhu ya leƙo ta kafaɗata, ya fara Hausarsa mai gauraye da Faransanci. "Bon. Rile ne ya mutu. Na sha ganin wannan. Frigo ba ya samun kuran." Wato firji ba ya samun wuta.

"Ka taɓa gyara irin wannan?"

"Mota duk mota ce, Malam Habu."

A wani ƙaramin gari cikin West Virginia muka sami kantin kayan gyaran mota. Wata mata ce a kan kanta, gashinta fari fat, tabarau rataye a wuya. Na ajiye mata tsohon rile. Ta juya shi, ta tambayi shekarar motar, ta shiga ciki ta daɗe. Duk maganar da za ta yi sai ta ƙare ta da kalmar nan tasu mai nufin zuma. Zuma, daga ina kuke? Zuma, wannan ƙafa huɗu ne ko biyar? A Kano in baƙuwar mace ta kira ka haka a gaban matarka, sai an yi zaman sulhu. A can kowa zuma ne, har wani ƙaton mutum da ya shigo bayanmu da man inji a gemu. Rakiya da ke tsaye a bakin ƙofa da kularta ta ce, "To, zuma, yi sauri ƙanƙara na narkewa."

A harabar kantin aka sake tayar da Hajiya. Na cusa sabon rile, Isuhu ya tayar da inji, na kwanta a ƙasan motar na kara kunne a bayan firji. Irin wannan firjin ba ya ƙara, sai dai ka jira ka ji wani bututu a bayansa ya ɗau zafi. Na jira har kafaɗata ta yi tsami. Bututun yana nan da sanyinsa. Na ciro sabon, na musanya da na kusa da shi, na mayar da tsohon, na sake musanyawa. Babu abin da ya canza sai gumin da ke zubo mini cikin ido.

Hajiya daga inda take zaune a kan tabarma ta ce wa Rakiya, wadda ita ce autarta, "Auta, tambaye shi ko a nan za mu kwana."

Na ce a'a, yanzu za mu tafi.

Nan Isuhu ya ce in matsa. Ya yanko guntun waya daga wata tsohuwar fitila da ke cikin akwatin kayan aiki, ya zare rilen firjin ya ajiye, ya soka wayar tsakanin manyan ramuka biyun. Wuta ta ɗan yi tartsatsi. Ba da jimawa ba bututun ya ɗau zafi.

"Wala," in ji shi. "Direkt. Wa ya ce dole sai da rile?"

Na ce masa dattijon ya faɗi wani dalili da ya sa aka saka shi.

"Bature ne. Su komai sai sun sa masa mai gadi."

Na gaji, firjin kuma ya fara sanyi, sai na bar wayar a wurin. Kafin la'asar Rakiya ta mayar da maganin ciki, ta zubar da ruwan kula, fuskarta ta saki. Isuhu ya karɓi tuƙi yana ta ba mu labarin motocin da ya tayar a hanyar Agadas.

Da yamma muka isa zangon da na yi niyyar mu kwana, a cikin wani daji kusa da tafki a Pennsylvania. Na so a ba mu wuri mai soket na wutar gida, amma mai kula da wurin ya ce duk an kama, lokacin hutu ne. Aka ba mu fili a can ƙarshe, bishiyoyi da teburin katako kawai. Na daɗe a ƙasar nan amma ban taɓa ganin wannan al'ada kusa ba. Mutane masu gidaje da wuta da ruwa sun baro su, sun zo daji sun kafa tanti, suna hura itace hayaƙi na shiga musu ido, suna gasa wata farar alewa a tsinke. Hajiya ta daɗe tana kallonsu ta taga.

"Auta, waɗannan gobara aka yi musu?"

Rakiya ta ce a'a, shaƙatawa suke yi.

"Ikon Allah," in ji Hajiya, ta ja labule.

Rakiya ta dafa shinkafa da wake a ɗan risho da muka zo da shi. Ni da Isuhu muka ɗauki namu muka koma bayan wata bishiya muka ci, sauro na cin namu rabon. Mu a tanti muka kwana, mata a mota. Kafin magariba Rakiya ta ce fitilun ɗaki sun yi ja kamar garwashi, famfo ma da ƙyar yake tsiyaya. Isuhu ya ce tsufa ne kawai, ba wani abu ba.

Da gari ya waye muka yi salla, muka naɗe tanti, na shiga na murɗa makulli. Sai wata 'yar ƙara, ƙit, shi ke nan. Na sake murɗawa. Ko ƙit ɗin ma babu.

Sai a lokacin maganar dattijon ta dawo mini dalla-dalla. Rilen nan aikinsa ya raba firji da batirin gaba in an kashe inji. Wayar Isuhu ba ta san an kashe inji ba. Firjin ya kwana yana zuƙar batirin har ya ƙarar da shi, sannan shi ma ya mutu. Na buɗe shi. Da sauran sanyi kaɗan, amma rana na ɗagowa, ba mu da ƙanƙara, ba mu da motar zuwa sayo ta.

Na fito na tsaya a gaban Isuhu da guntun wayarsa a hannuna.

"An yi pan?" ya ce, wato ko mota ta lalace.

"Mai gadin nan da ka kora, ga abin da yake gadi."

"Ai da ka cire ta da muka tsaya."

"Ni na saka ta?"

"Motarka ce."

Da ba don Hajiya tana jin mu ba, da na faɗi maganar da za ta raba ni da Isuhu. Rakiya ba ta tsaya sauraronmu ba. Ta kwashe kwalayen a zani ta nufi wata ƙatuwar motar zango da ke can gaba, ta ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ce ta buɗe, Misis Loreta, ita kaɗai take yawo da karenta tun da mijinta ya rasu. Tana jin maganar allura ta ce ƙanwarta ma tana yi, ta buɗe firjinta ta yi musu wuri. Rakiya ta gaya mini daga baya cewa a gefen gwangwanin abincin kare aka ajiye su. Har yau Hajiya ba ta san wannan ba, ina kuma roƙon wanda ya karanta kada ya kai mata.

Misis Loreta ta matso da motarta muka ja wuta daga batirinta, injinmu ya tashi. Sannan ta fito da wani gwangwani cike da kayan aikin mijinta ta ce in duba ko akwai abin da zai yi mini amfani, ita ba ta san kan ko ɗaya ba. A ciki na ga mitar gwada wuta. Irinta muke amfani da ita a sito muna duba batiran motocin ɗaga kaya. Ganinta ne ya fara kwantar mini da hankali tun jiya.

Aka sake tayar da Hajiya. Wannan karon ba ta jira an roƙe ta ba, tana ganin na nufo ƙofa ta tattara carbinta.

Na ce wa Isuhu daga yanzu ba wanda zai sake cewa wani abu ya mutu sai mita ta faɗa. Na fara da batirin gaba. Inji na aiki, allura ta hau kusan sha huɗu, wato altaneta, injin cajin motar, lafiyarsa lau. Na koma batirin baya. Sha ɗaya da ɗan abu, inji na aiki ko ba ya aiki, bai motsa ba. Ke nan shi ma ba ya samun caji, kuma ba tun yau ba. Shi ya sa fitilu suka yi ja.

Na zauna a bakin ƙofa ina tunani. Firji ba ya samun wuta, batirin baya ba ya samun caji. Rile biyu ne daban, da wuya su mutu rana ɗaya, balle ga sabo na gwada a duka ramukan. To me ya haɗa su? Na sake leƙawa. Kowane rile yana da manyan wayoyi biyu da wuta ke bi, da ƙanana biyu. Ɗaya ƙaramar an ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ɗayar siririya ce shuɗiya, kuma ita ɗin ce ta shiga rile na farko ta fito ta shiga na biyu. Ita ce mai kawo musu labarin cewa inji ya tashi. Na ɗora mata mita. Babu komai.

Na mayar da rilen firji raminsa, na ɗauko guntun wayar Isuhu, na taɓa bakinta ɗaya a kan babbar waya mai wuta, ɗayan a kan ƙafar da shuɗiyar ke shiga. Ƙas, ƙas, duka biyun suka amsa. Na ɗaga, suka saki. Na sake taɓawa, suka amsa.

"Ka gani," in ji Isuhu. "Wayata ta yi amfani."

Rilen duk lafiyarsu ƙalau, har tsohon da muka ɗora wa laifi. Saƙo ne ba ya iso musu. Sai bin shuɗiyar waya zuwa inda ta fito, ita kuwa ta bi ta ƙarƙashin kafet ta nufi inji, injin kuma yana ƙarƙashin kayan Hajiya.

Muka sauke komai a kan ciyawa. Jakunkuna, buhun gari, ƙullin daddawa, tabarma, turmi. Warin daddawa ya jawo karen Misis Loreta, Hajiya ta ɗage ƙafafunta bisa benci tana salati a hankali. Wani mutum da gajeren wando da kofi a hannu ya tsaya ya ɗaga turmin yana juyawa, ya tambaya ko na sayarwa ne. Rakiya ta ce masa a'a. Ya ce in mun canza shawara yana can tanti mai ruwan ɗorawa.

Na kashe inji na jira ya huce, na buɗe murfi, na shige da rabin jikina ciki. Na bi wayar da yatsa, ta bayan wani bututu, ta ƙarƙashin wani ƙarfe, mai da ƙura suna zubo mini a fuska. Dab da altaneta na same ta. Akwai wani mahaɗi da aka lulluɓe da tsohon salatif. Na warware shi, ga bakin wayar ya yi kore shar, ya zama gari. Ina taɓawa ta rabu biyu a hannuna. Wa ya san tun yaushe take haka. Mu dai da wutar gida muka gwada firjin, ba mu taɓa gwada shi a kan hanya ba.

Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na feƙe bakin da wuƙa har jan ƙarfe ya fito yana ƙyalli, na sami sabon mahaɗi a gwangwanin marigayi na matse, na naɗe. Na ce wa Isuhu ya tayar. Inji ya tashi. Na kara kunne a kan rilen. Shiru.

Na kwanta a wurin ban motsa ba. Rakiya ta ce, "Abban Walida?"

Isuhu ya leƙo daga gaba ya ce akwai wata 'yar jar fitila mai hoton batir da ba ta mutu ba. Na ce ya ɗan taka mai. Ya taka, inji ya yi gurnani, sai na ji ƙas, ƙas a gefen kunnena. Ashe tsohon altaneta ne, ba ya fara caji sai an ɗan zabure shi. Na ɗora mita a batirin baya, allura ta hau sha uku tana ƙara gaba. Na sa hannu a bayan firji na jira har bututun ya ƙona mini yatsa. Ban taɓa jin daɗin ƙuna irin na ranar ba.

Sai da firjin ya yi sanyi sosai Rakiya ta karɓo maganin. Hajiya ta sa aka ɗebi kilishi aka kai wa Misis Loreta. Ta gutsira, idonta ya kawo ruwa saboda yaji, ta ce ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba, ta rungume Hajiya. Hajiya ta sandare kamar an dasa ta, sannan ta ɗan bubbuga mata baya.

Na zaci an gama. Saura iyaka.

A kan gadar shiga Kanada layi ya yi tsawo, motoci na tafiya taku-taku a cikin rana. In inji ya daɗe yana aiki a tsaye, firji na jan wuta, batirin baya da ya kwana da yunwa shi ma yana ja, sai jar fitilar nan ta fara lumshewa, rilen su fara kaɗawa a ƙarƙashin Hajiya kamar haƙoran mai jin sanyi. Dole in riƙa taka mai. Ga mu a tsakiyar layi, kowa shiru, tsohuwar motarmu kaɗai ke ruri.

"Malam Habu, bari," in ji Isuhu. "'Yan duwan suna kallonmu." Haka suke ce wa 'yan kwastan a Nijar.

"In na bari firji ya mutu."

"In ba ka bari ba mu za a kama."

Da muka iso taga, jami'in ya karɓi fasfo ɗinmu ya dudduba, ya ce me ya sa nake ta zaburar inji. Na fara yi masa bayanin altaneta. Bai bari na kai ƙarshe ba ya nuna mana wani fili a gefe, ya ce mu faka mu kashe mota mu shiga ciki. Kun san yadda shekarun nan suke ga masu irin sunayenmu. Maza biyu baƙaƙe wuluk da man inji, tsohuwa da lulluɓi, mota cike da ƙulle-ƙulle. Bakin Isuhu ya mutu, karon farko tun daga Greensboro.

Rakiya ce ta tsaya kai da fata. Ta ce ba za ta bar maganin uwarta a mota a rana da firji a kashe ba. Wata jami'a ta duba sunan Hajiya a jikin kwalayen, ta gwada da fasfo, ta ce ta shigo da su, ciki akwai sanyi. Muna zaune ina hango su ta gilashi suna sauke kayan da muka gama lodawa ɗazu. Sai ga wani ya ɗaga kujerar baya, ya tsaya, ya kira ɗan'uwansa. Can aka zo aka kira ni.

A kan kujerar sun jera rilen da ya yi saura, da guntun wayar Isuhu mai baki biyu a feƙe, da ruɓaɓɓen mahaɗin da na manta ban yar ba. Jami'in ya ce mene ne waɗannan. Na yi bismilla a zuciyata na faro masa tun daga Virginia. Yana saurare fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da na gama ya ce in nuna masa. Na tayar da inji, na taka mai, ya sunkuya ya ji ƙas, ƙas da kunnensa. Ya buɗe firji ya sa hannu, ya ɗaga kwalbar man shanu ya shinshina ya mayar. Ya ce in kashe.

Kilishin ne bai tsallake ba. Suka ce nama ne ba tambarin kamfani, ba zai shiga ba. Rakiya ta fassara wa Hajiya. Hajiya ta dubi ledar da ke hannun jami'in ta ce, "Ce masa ya ci da albasa." Rakiya ta ce masa mun gode.

Da la'asar sakaliya muka isa gidan Yaya Mustafa. Kafin a gama gaisawa Rakiya ta wuce kicin ta jera kwalayen a firjin gida, ta rufe, ta jingina da shi ta yi ajiyar zuciya. Ni hankalina bai kwanta ba sai da muka yi 'yan kwanaki ana gwada sugan Hajiya safe da yamma ana ganin yana nan yadda ya saba. Maganin bai lalace ba.

Ranar da muka isa, bayan an ci abinci, ina daga falo na ji Yaya Mustafa yana tambayar Hajiya yadda ta ga hanya.

"An ce akwai duwatsu," in ji ta. "Ni dai tafin ƙafar mijin Auta na fi gani."

Ranar da za mu juyo muka shiga yi mata sallama. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Isuhu na bayana. Ta yi mana addu'a mai tsawo. Har mun yunƙura za mu tashi sai ta ce, "Auta, ce masa in lokacin komawata ya yi, ba sai Mustafa ya nemi jirgi ba. Shi zai zo ya ɗauke ni a motar nan. Na ga in ya kama abu ba ya saki sai ya ga ƙarshensa."

Rakiya ta juyo ta dube ni, tana danne dariya. "Ka ji."

Na sunkuyar da kai na ce na ji, Allah Ya kai mu.

Daga bayana Isuhu ya ce shi ma zai nemi hutu.